Ta Ƙi Dawowa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da wani abokina mai akori-kura da ke jigilar gyaɗa. Na jefa akwatin sifanu a baya, ban yi wa Inna sallama ba, don in ta tambaye ni ina za ni, ba ni da amsar da za ta yi mata daɗi. Roni muka nufa, inda motar ƙanena Habu take yashe tun ranar da ta yi ajalinsa.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Habu malamin makaranta ne. Da aka biya ma'aikata kuɗin ariya, wato bashin ƙarin albashinsu, kowa ya bi son ransa, wani ya sayi rediyo, wani babur. Shi kuwa ya tafi Kano ya dawo da wata jar mota 'yar ƙarama mai kujera biyu, ta hannu, wadda wani Bature ya sayar zai koma ƙasarsu. Sitiyarinta ma a dama yake, irin na kafin a canza hannun tuƙi a ƙasar nan, kuma in ka zauna a ciki sai ka ce a tabarma kake. Matarsa Binta ta ce ina ruwan gida mai mutum uku da mota mai kujera biyu? Magana ta yi tsami, ta yi yaji zuwa gidansu a Gwiwa, ta bar 'yarsu da ba a daɗe da yayewa ba a wurin Inna. Habu ya je biko. A hanyar dawowa, shi kaɗai, motar ta saki hanya ta daki dutse. Manoman da suka ciro shi sun ce kafin ya cika ya yi magana ɗaya: "Na yi, na yi, ta ƙi dawowa."

Maganar nan tare da gawa ta iso gida. Inna ta ce shari'a ta ƙare, baƙin cikin Binta ne ya rufe masa ido. Ta rantse da Allah Binta ba za ta sake ganin 'yarta ba. Ga yarinya tana kwana tana kiran uwa, ga tsohuwa ta kafe, kuma babu mai iya tanka mata.

Ni bakanike ne, amma manyan motoci nake gyarawa. A zaman makoki wani tsohon abokin aikina da ke gyaran motocin Turawa a Kano ya ja ni gefe, ya ce irin wannan mota an san ta da ciwo ɗaya. Akwai wata roba mai kauri, ba ta kai tafin hannu ba, ita ke haɗa sandar sitiyari da ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba. Zafin ƙasarmu yana busar da ita, baƙin mai yana ɗiga a kanta ya cinye ta. Ranar da ta tsinke, sai ka yi ta murza sitiyari kamar mai dama fura, mota tana tafiyarta. Daga baya ya aiko mini da sabuwa in ga yadda take. Tun da na riƙe ta a hannu hankalina bai kwanta ba, domin ita ma mota ai "ta" ake ce mata.

Hanyar Roni burji ce, damina ta ci rabonta ta bar mana ramuka. An yanke gero, dammuna a jingine ko ta ina, shanun Fulani sun fara shiga gonaki kiwon kara. Mai ya yi araha a ƙasar nan, hanyar da za ka ƙona shi a kai ce babu. Ƙofar motar abokina da igiya ake ɗaure ta, duk ramin da muka faɗa sai ta buɗe ta gaishe da daji, shi kuma ya ce ba lalacewa ba ce, iska take ba mu. Muka tsaya sayen ƙosai wurin wata tsohuwa da har yanzu ba ta yarda an yi naira ba, da sule da sisi take ciniki. Abokina ya tsaya yi mata darasin kwabo, ta ce in ya gama ya miƙo kuɗinta. Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Wata kwana ce a gangare, dutse a gefen dama. Mutanen ƙauyen sun tura motar gindin wata tsamiya sun rufe ta da kara, ko madubi ba a cire ba, Allah Ya saka musu. Da na yaye karan sai na ga kujerarsa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Abokina ya koma can nesa yana duba tayar da babu abin da ya same ta.

Wani dattijo mai gonar wurin ya zo da lauje a kafaɗa ya yi mini ta'aziyya. Shi ne ya tallabi kan Habu. Na ce, "Baba, me ka gani da idonka?"

Ya ce, "Ɗana, ina tsaye a nan. Hannunsa na ta kaɗa abin nan na gabansa, yana ta kaɗawa, ita kuwa ta miƙe kamar jakin da ya hango gida."

"Ya ambaci sunan wata mace?"

"Bai ambaci kowa ba sai Allah."

Muka taru muka ɓamɓare murfin injin. Na zura hannu na bi sandar sitiyari har ƙasa, na same ta tana lilo ita kaɗai. Na kwance notuna na ciro robar gida biyu. Wanda ya san ƙarfe ya san bambancin abin da karo ya tsinka da abin da ya daɗe yana mutuwa. Da dutse ne ya yaga ta, da bakin yagewar duk sabo ne. Wannan kuwa tsagar ta tsufa, ta yi baƙi, ƙasa da mai sun cika ta, sai wani ɗan wuri kamar farce ne kawai sabo. A kan wannan ɗan farcen ƙanena yake ta yawo da ransa yana jin daɗi. Na naɗe ta a hankici na sa a aljihu.

Habu ya sha faɗa mini motarsa tana da 'yar'uwa a Babura, rana ɗaya aka sayar da su. Na ce wa abokina ba zan iya zama ba alhali wani yana can yana tuƙa ajalinsa. Muka juyo, muka bi ta bayan Kazaure ban leƙa gida ba, muka ratsa 'Yankwashi, inda muka sha fura da nono mai kyau, muka shiga Babura da la'asar. Garin ya cika da mutanen Nijar, ga raƙuma da kanwa da dabino, ana ciniki da sefa da naira a baki ɗaya. Ba mu sha wahalar tambaya ba, yaran gari duk sun san gidan mai ƙaramar mota.

Wani Alhaji ne mai fataucin fatu, mutum mai fara'a da ƙiba, har na yi mamakin yadda yake shiga cikinta. Tasa shuɗiya ce. Ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai tana ɗan yawo a hanya, shi kuma ya ɗora wa ramuka laifi. Na sa abokina ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, ni da Alhaji muka leƙa ciki. Sitiyari yana tafiya kusan yatsa huɗu kafin taya ta motsa, robar tana buɗe baki tana rufewa, baƙin mai yana ɗiga daidai kanta. Na warware hankicina na nuna masa ta Habu. Alhaji ya yi salati ya zauna a dakali, ya ce gobe da safe ya yi niyyar kai ɗansa Kano a cikinta.

Na cire tsohuwar, na wanke wurin da kananzir, na ɗaura sabuwar da aka aiko mini, na ɗaure notunan na kulle su da waya. Na toshe inda mai ke zuba, na lanƙwasa gwangwani na yi mata 'yar rumfa. Sannan na fita gwaji. Ban so in faɗa ba, amma motar nan tana da daɗi. Kana taɓa ta tana amsawa, iska tana dukan fuskarka, ƙanshin kujerar irin na ta Habu sak. A wannan hanyar na gane ba wauta ce ta sa ya saye ta ba, yaro ne da ya tashi yana tafiya makaranta a ƙasa. Na tsaya a bakin wata gona na daɗe kafin in iya juyowa. Alhaji ya yanka mana zabi, muka kwana a zaurensa.

Da safe muka kama hanyar Gwiwa, mai yashi da gajiya, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Mahaifin Binta ya karɓe mu da sanyin jiki, yana zaton wata sabuwar magana na kawo daga Inna. Binta tana takaba, ta zauna bayan asabari, muryarta kawai nake ji. Na ajiye robar a tabarma na yi musu bayani dalla-dalla, na ce maganar Habu ta ƙarshe da mota yake, ba da ita ba. Na zaci za ta yi hamdala. Sai ta ce, "Yaya, ai ni ma na ƙi ɗin. Ya roƙe ni in shiga mu tafi, na ce ba zan shiga motar nan ba, ya turo a ɗauke ni a ta haya. Ya yi dariya ya ce to." Sai kuka ya ci ƙarfinta. Da ta samu numfashi ta tambaye ni ko yarinyar tana cin abinci. Na ce tana ci, ban ƙara komai ba.

Mun shigo Kazaure ana kiran magariba. A hanya na yi ta tunanin abin da tafiyar ta koya mini: maganar mai mutuwa gajeriya ce, mu da muka rage mu ne muke cika ta da abin da ke ranmu. Ƙarfe in ya karye yana barin shaida, ita kuwa magana sai wanda ya riga ɗauka.

Na tarar da Inna a tsakar gida, yarinyar tana barci a cinyarta. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na gani, daga Roni har Gwiwa, na sa mata robar a hannu. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta shinshina.

Ta ce, "Wannan ce ta kashe mini ɗa?"

Na ce, "Ita ce sanadi, Inna."

"To ni yanzu wa zan ji haushi?"

Ta daɗe tana shafa kan yarinyar, wadda ita kaɗai ta rage mata daga Habu. Sannan ta ce in buɗe rumbu in auno abincin mutum goma, za ta yi kaffarar rantsuwarta. Na miƙe zan tafi, ta kira ni.

"Ka ce wa abokinka ya zo da motarsa gobe, ku kai yarinyar wurin uwarta. Amma kada ya zo da asuba. Ya bari sai na yi mata wanka."