Ummi da Bugun Shinkafa

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Kura, ni da wata ƙawata mai koyar da yara masu buƙata ta musamman. Yayana ne ya ce zai cire 'yarsa Ummi daga makaranta, wai ba ta ɗaukar karatu. Da larura aka haifi Ummi, irin wadda likitoci ke cewa daga ƙwayoyin halitta take. Maganarta a dunƙule take fita, amma wajen fara'a duk danginmu babu kamarta.

A tashar Kura muka karya da waina. Na tsaya ciniki kamar zan sayi gona, har mai wainar ta ce, "Hajiya, ko sadaka kike so?" Muna sauka daga kwalta mota ta fara rawa ba kiɗa. Dama da hagu ruwa na gudu a magudanai, shinkafa ta nuna, ko'ina girbi ake.

Muna isa gidan Yaya, Ummi ta rugo ta ƙanƙame ni tana kiran Goggo. Bayan gaisuwa ƙawata ta yi wa Yaya bayani: kafin yaro ya iya karatu, sai kunnensa ya iya raba kalma gaɓa-gaɓa. Ta gwada Ummi da tafi, kowace gaɓa tafi ɗaya. Ita kuwa ta ɗauka biki ake, ta miƙe ta hau rawa. Kowa ya yi dariya.

"Kun gani ko?" in ji Yaya, ya wuce gona.

Muka bi shi. Ana ta bugun shinkafa, kowa ya ɗaga damƙi ya maka a jikin duro. Ƙawata ta ba Ummi ɗan ƙaramin damƙi, ta nuna mata: shin, bugu, ka, bugu, fa, bugu. Ummi ta rikice, aka sake, aka kuma sakewa, har ta kama. Suka raba kalmar albasa, suka raba ta tumatir. Can Ummi ta dubi mahaifinta, ba wanda ya sa ta, ta ce "Ba", ta buga, "ba", ta buga, ta tsaya cak.

Yaya ya juya mana baya, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa ido. Da ya juyo ya ce, "Ran Litinin ni zan kai ta makaranta da kaina."

La'asar ta yi mana a gida Kano, jiki duk ƙaiƙayi, zuciya fes. Na gane Ummi tana ɗaukar karatu. Mu ne muka daɗe ba mu miƙa mata damƙin ba.