Lauyar Da Ta Ce A Karanta Wa Mai Takarda

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya yi wa Barista rasuwa tana da shekara hamsin da takwas. Ashirin da shida daga ciki ta yi su ne tana fito da mutanen da aka manta da su a gidan yari ba tare da shari'a ba. Ni wata bakwai kacal na yi a ofishinta bayan na gama karatu.

Barista, doka ɗaya ce ba ki taɓa sassauta mana ba: ba a shigar da takardar ɗaurarre kotu sai an zauna an karanta masa ita da baki.

Aikina na farko na wani mai walda ne, shekara huɗu da wata biyu a tsare. Sau uku na duba rajista, komai ya yi daidai, na ce a shigar. Kina kishingiɗe a kujera, ciwo ya fara cin ki, kika ce, "Ƙanwata, rajista ce ke tsare ko mutum? Tashi ki je."

Na je gidan yarin ina ganin ɓata lokaci ne. Ina cikin karantawa mutumin ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, ni tela ne. Mai walda sunanmu ɗaya, bara ya rasu."

Gandiroba ya buɗe littafi ya ce, "To ai telan ne ya mutu a wurinmu."

"Amma kullum da safe da ni kuke cika lissafi," in ji telan.

An rubuta mutuwar a kan takardun mai rai, shi ya sa ba a ƙara kai shi kotu ba. Da na shigar da takardar yadda take, da an kore ta, shi kuma ya ci gaba da zama. Na dawo na faɗa miki abin da ya faru. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika miƙo mini biro, muka sake ta layi-layi.

Kwana tara bayan rasuwarki na tsaya gaban alƙali ni kaɗai, aka sallami telan. A bakin kotu ya tambaye ni ina kike, na ce masa Allah ya yi miki rasuwa. Da ya ji, ya ce a kai shi gidanki kafin ya je nasa. Ya zauna kusa da maigidanki har la'asar.

Na gode, Barista. Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki. Allah ya ba su haƙuri, ya ba mu ikon riƙe abin da kika bari.