Kifin tez ɗina a kan murhun banda

Har gobe in na ji warin bandar kifi sai zuciyata ta tashi, ni da na girma a Gaya, a bakin Kwara.

A lokacin ina karatun doktora a Yamai. Tez ɗina, wato binciken digirin, a kan wasu furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwayoyin hanta, su ne ke tura guba waje. Ina son in ga yadda suke a tarwaɗar da ke shan ruwan fadamun shinkafa, inda ake feshin magani. Furotin ɗin nan ba sa son zafi ko kaɗan. Burs ɗina kuma, wato tallafin karatun da ake ba ni, saura shekara guda ta ƙare.

Na zo gida na bi masunta duk rani, hannuna na ƙarni, ƙudaje na bina har masallaci. Kowane kifi na ɗaura masa lamba a wutsiya, na jera a firigo, akwatin sanyin gwaggona, ƙanwar babana, wadda sana'arta banda ce. Furofesan da ke duba aikina ya ce zai aiko motar labo, ɗakin bincikenmu, da ƙanƙara. Kullum “sati mai zuwa”. Tir!

Ranar da na tsallaka kogi zuwa Malanbil neman ƙanƙarar da kaina, aka ɗauke wuta tun safe. Da la'asar na dawo na tarar da hayaƙi ya cika gida. Gwaggo na tsaye gaban murhu tana fifita, fuska duk gumi.

“Ɗana, Allah ya taimake ka ina gida,” in ji ta. “Kifayenka sun fara saki, sai na sa su a murhu. Ko ɗaya bai lalace ba.”

Ga su nan sun yi baƙi, an lanƙwashe su baki da wutsiya, mai na ɗiga. Lambobin ta kunce ta zubar don kada roba ta ɓata ɗanɗano. Na zaga bayan ɗaki na yi amai. Me zan ce mata? Abin da ta iya ta yi.

Na kira furofesa na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ruwan kogi ya riga ya taso, lokacin kamun ya wuce, burs ba a ƙara ta, zai ba wani ɗalibi batun baɗi. Ina shirin kashe wayar ya ce, “Tsaya mana. Tunda an riga an banda, sa mini kwali guda a motar safe. Madam na son na Gaya.”