Man Gyaɗa a Itacen Rijiya

Rijiyar unguwarmu a Bauranya zurfi gare ta, in ka leƙa ruwan bai fi faɗin faifai ba a idonka. A bakinta an gindaya wani gungumen kirya tun ba a haife ni ba. Igiya ta ci shi ta ci shi har ta yi masa gurabu, kowanne yatsa zai shige. Na tsakiyar na mahaifina ne, kowa ya san da haka. Da hantsi yake zuwa da bijimansa biyu da wasakinsa, wato babban gugan nan na fata, ya cika musu kwamin shan ruwa shi kaɗai. Ya haura saba'in, amma ka ce za ka kama masa, to ranar kun ɓata. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar fata, kukan igiyar nan a jikin itace nake ji, kuma kewar gida ta kama ni.

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Kankiya, kaina ya yi girman da hula ba ta zama. A wani mako na koyar da darasin gogayya: in abu biyu suna gugar juna, ɗaya yana riƙe ɗaya, ƙarfi yana tafiya a banza, mai kuwa yana rage wannan. Na je gida ranar Juma'a, na tsaya ina kallon tsoho yana ja, yana tsayawa, yana ja. Nan take na yanke hukunci cewa itacen ne ke cinye masa ƙarfi. Ban tambaye shi ba. Malami guda, ina ni ina tambaya?

Asabar da sassafe na ɗauko kwalbar man gyaɗar inna, na shafe gurbin nan tas har yana ƙyalli. Na gwada da ƙaramin guga, ya taho sumul, ko ƙara babu. Na koma gefe na harɗe hannu ina jiran godiya.

Da hantsi Baba ya zo, ya zura wasaki, ya cika. Ya ja har wajen rabi. Sai ya yi abin da na gani sau dubu ban gane ba: ya sassauto da hannuwansa ƙasa, ya danna igiyar cikin gurbin. Ashe a nan itacen ke cije igiyar ya riƙe masa nauyin, shi kuma ya numfasa, mai kallo ya ɗauka gyara tsayuwa yake yi. Ranar itacen bai riƙe ba. Igiya ta zare da gudu, ya ƙi saki, ta kwashe masa fatar tafukan hannu biyu, ta fizge shi ya durƙusa a gaban matan da ke jiran ɗiban ruwa. Muka ji faɗuwar wasakin can ƙasa. Samari suka rugo suka ɗaga shi, wani yana cewa ai dama ya kamata Baba ya huta haka nan.

A zaure, bayan an ɗaure masa hannu, na durƙusa na faɗa masa ni ne. Har na soma yi masa bayanin darasin, don wauta. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam," haka yake kirana in zai yi mini shaƙiyanci, "mi ka gani itacen ga ya yi maka?"

Na ce, "Baba, gani na yi yana wahalar da kai."

Ya ce, "Shi ka taimakona. Ƙarhina ya daɗe da tahiya. Ni da shi kaɗai muka sani."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Da la'asar na je da toka da yashi na dirje gurbin har hannuna ya yi ja. Cikin 'yan kwanaki igiya ta koma kamawa kamar da.

Hannunsa ya warke kafin damina. Amma gari ya riga ya gani, kuma shi ba mutumin da zai yi aiki ana tsaye a bayansa ana jiran ya faɗi ba ne. Samarin suka karɓi shayar da bijiman. Yakan bi su har bakin kwami, ya tsaya yana shafa wuyan dabbobin suna sha. Ya yi shekara huɗu a duniya bayan haka, bai sake taɓa igiyar ba.