Yadda Na Horar da Jikana da Kankana

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ni dattijo ne, bokona bai wuce aji huɗu na firamare ba, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Amma a lokacin da wannan abu ya faru, da ka tambaye ni, da na ce maka duk ƙasar Hausa babu wanda ya fi ni sanin hannun ɗan Adam. A kasuwar 'Yan Lemo ta Kano na tsufa, ina kula da sauke motocin kankana. Ni ke zaɓen samarin da za su jeru, na kan mota ya jefo, na ƙasa ya cafe ya miƙa gaba. Kallo ɗaya nake yi wa mutum in san ko zai fasa mini kaya. Da wannan taƙama na sauka Kuala Lumpur, inda ɗana ke koyarwa a jami'a, don a yi mini aikin gwiwa.

Gidansu yana unguwar Titiwangsa, can saman wani dogon bene inda ko tantabara sai ta huta a hanya kafin ta isa. A ciki na tarar da wata cuta da ta kama ɗana da jikana, wanda saurayi ne ya shiga kwaleji. Ita ce ƙwallon Amurkawa, wadda ake kira ta ƙafa alhali da hannu ake yin ta, ga ta da siffar gwanda. Da safiyar Litinin ake nuna ta a nan, don haka kowace Litinin da gardama muke karya kumallo. Ƙungiyar da suke bi a can Amurka tana ta shan kashi, su kuma sun zama masu ba ta shawara daga falo. Maganar ɗaya ce kullum: wane irin risiba ya kamata ta saya, wato mai rugawa ya cafe ƙwallon da aka jefo masa. Uban ya ce dogo za a nema, mai tsalle ya ɗauke ta a saman kawunan jama'a. Ɗan ya ce a'a, mai gudu ake so, ko gajere ne. Duk gardamar da Turanci suke yin ta a bisa kaina, sai na buga sanda sannan wani ya tuna ya fassara mini.

Na yi haƙuri har ranar da na ga wani ƙato, dogo kuma mai gudu, ƙwallo ta same shi a ƙirji ta faɗi ƙasa kamar an jefi bango. Nan na ce musu dukansu biyu ba su san komai ba. Hannu ake saye. Na yi musu bayani cewa kankana ba a tare ta, tarbarta ake yi kamar jariri, hannu ya koma baya tare da ita. Na ƙara da cewa mai gudun da bai iya cafewa ba ɗan aike ne da ya isa da wuri ya manta saƙo. Ɗana ya yi dariya ya tafi aiki. Jikana bai yi dariya ba. Ashe wani kulob na cikin birnin zai yi gwajin ɗaukar sababbin 'yan wasa, yaron ya daɗe yana mafarkin gurbin risiba, kuma matsalarsa ke nan, ƙwallo na suɓuce masa. Da gurguwar Hausarsa ya tambaye ni ko zan koya masa. A nan ne mai hankali zai ce shi jinya ya zo. Ni kuwa na ce ya nemo kankana.

Kowace safiya muka riƙa sauka bakin tafkin unguwar, ni a kan benci da sandata, shi a tsaye gabana. Na hana shi gudu. Ya ce ya kamata ya riƙa gwada zille wa mai tsaronsa, wato abokin hamayyar da ke manne masa don hana shi cafewa, na ce ni ban taɓa ganin kankana ta bi mutum da gudu ba, ya tsaya inda na sa shi. Masu motsa jiki suka riƙa tsayawa kallonmu, wasu har da ɗaukar hoto, ni kuma na ɗauka girmamawa ce. Surukata, baiwar Allah, ta riƙa markaɗa waɗanda suka fashe, gidan ya koma shan ruwan kankana safe da yamma, har maƙwabta suka fara ɓuya in sun hango ta da jug. Abin da ya ƙara lalata ni shi ne yaron ya gyaru. Hannunsa ya yi laushi, ya daina runtse ido. Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Ana saura 'yan kwanaki gwajin, mun fito daga Juma'a muna ratsa titin da ake kira Jalan Masjid India, sai na ga mai sayar da ɗanyar kwakwa, irin korayen nan manya da ake sare kansu a sha ruwan. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ga jarrabawar ƙarshe, ta fi kankana tauri kuma ta fi kama da ƙwallon. Washegari na fito da ita daga leda a bakin tafki. Yaron ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Kaka, wannan dutse ne fa." Na kira shi rago ɗan madarar gwangwani, na ce a zamaninmu da kabewa muke karya kumallo. Bai gama ba ni amsa ba na jefa. A kan manuniyarsa ta dama ta sauka, na ji ƙas, kamar an karya kara.

Likita ya ce karaya ce a gaɓa, aka ɗaure yatsan da ƙarfe. A hanyar gida ɗana sai ƙara sanyin mota yake yi yana ragewa. Da muka isa gida surukata ta durƙusa ta ce mini, "Allah ya kiyaye gaba, Baba." Na rantse, da zagina ta yi da na fi samun barci.

Ranar gwajin yaron ya nace sai mun je kallo, ina jin don ya hukunta ni ne. Muna zaune na ga kocin ya ɗauki wani siririn yaro wanda a gabana ƙwallo ta suɓuce masa ba sau ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na ɗingisa har wurinsa, na sa ɗana ya fassara mini ƙorafina. Mutumin ya saurare ni da ladabi. Ya ce cafewa ana koya wa mutum da maimaici, amma wanda bai iya kuɓuce wa mai tsaronsa ba, babu ma wanda zai jefa masa ƙwallon, balle a ga hannunsa. Ya ƙara da cewa ya san jikana daga wasannin kwaleji, kuma saboda iya zillewarsa ya so ɗaukarsa, yatsan ne ya hana. Sai a lokacin na tuna cewa a duk shekaruna na kasuwa, ban taɓa ganin an sa ƙato ya tsaya jikin mai cafe kankana yana ture shi ba. Gurbi ya tafi, sai kuma gwajin baɗi.

To ga abin da na koya, in akwai mai kai wa Amurkawan nan saƙo: su sayi wanda ya iya raba kansa da mai tsaronsa, sannan su duba hannunsa. Ban janye maganar hannu ba, na dai mai da ita ta biyu, kuma wannan ma don likita ya ce kada in riƙa tayar da hankalina. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi da 'ya'yanku ke ɗauko ku zuwa ƙasashen waje, ku ji tsoron Allah. Gwanintar da kuka tara gaskiya ce, amma ta kasuwarku ce. In jika ya nemi taimako, ku yi masa addu'a, ita ba ta karya ƙashi.

Yatsan ya warke, amma ya ɗan karkata hagu. Duk sallar da muka yi sahu ɗaya, in ya ɗaga manuniya a tahiya, ni take nunawa. Na yi dabara na koma tsayawa ta damansa. Ja'irin ya gane, yanzu sai ya bari na yi kabbara sannan ya zagayo.