Taɓaryar Jikar Jibir

A Kafanchan ta wancan zamani, in ka ga mutum yana tafiya sambal amma yana zabura da an tambaye shi damina, to ta hannun Jibir maɗori ya biyo. Bafillace ne da ciwo ya share masa garke, ya sauka bayan layin dogo da jikarsa Kubra, ya koma ɗora ƙasusuwan mutane. Kowa Kaka yake ce masa, har waɗanda suka taɓa suma a kan tabarmarsa.

Aikinsa ba shi da ado. Mai karaya ya zo da zakara, ƙarti su danne shi, Jibir ya gyara zama yana tambayarsa yadda damina ta yi a garinsu. Mutum na tsakiyar bayanin dawa sai ya ji ƙashinsa ya amsa. Daga nan a karya ƙafar zakaran, a ɗaure su duka da kara da tsumma. Ranar da zakara ya taka, mai shi ma zai taka.

Karya ƙafar zakara aikin Kubra ne tun ba ta gama wayo ba. Da ta yi kuka a karon farko, Jibir ya ba ta nono a ƙwarya, ya jira ta shanye, ya ce, "Uwargida, tausayin maɗori shi ke cika gari da guragu." Sannan ya miƙo mata zakara na biyu, nasa na gida, wanda bai yi wa kowa laifi ba. Haka yake nuna ƙauna, kuma ita ba ta taɓa shakkar ƙaunar ba.

A daminar 1957, Kubra ta riga ta zama mace, aka kawo Simon, mutumin Kagoro mai haɗa taragai a tashar jirgi. Tarago ne ya matse masa ƙwauri, ya gudu ƙauye ya ɗaure da kansa don kada a sallame shi, ƙafar ta haɗe a lanƙwashe kamar lauje. Hutunsa ya kusa ƙarewa, kuma ba a riƙe gurgu a wannan aiki. Sai an sake karya ƙashin kafin a ɗora.

"Kaka, ka yi a hankali," in ji Simon. "Ƙafa ɗaya ne ya rage mini mai kyau."

"Ba mai kyan muke nema ba," in ji Jibir. "Yaya damina a Kagoro?"

Simon ya fara bayani, Jibir ya kafa gwiwa a ƙwaurin ya danna da ƙarfinsa duka. Fata ta tsage, jini ya ɓata tabarma, ƙashi bai ko motsa ba. Simon ya gantsara wa ɗaya daga masu danne shi cizo a babban yatsa har ya ji gishirin jini, mutumin kuwa ya rama da gwiwar hannu a baki. Jibir ya sake dannawa. Babu abin da ya karye sai haƙorin Simon.

Kubra tana tsaye da zakara a hammata, ta ga abin da ƙartin suka kau da ido a kansa: hannun Kaka yana rawa kamar ganye. Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Uwargida, ina taɓaryarki?"

"Kaka, wannan fa ba zakara ba ne."

"Zakara ne. Ya dai fi surutu."

Ta miƙa masa tsuntsun, ta ɗauko taɓarya. Aka ɗora ƙafar a kan itace biyu, lanƙwasar tana tsakani. Ta tausasa murya.

"Malam Simon, acca ta yi kyau bana?"

Simon mutum ne mai ladabi, ba ya barin gaisuwar mace a ƙasa. Ya tofar da jini ya ce, "Mun gode Ubangiji, sai dai tsuntsaye..."

Ba a taɓa jin abin da tsuntsayen suka yi ba. Taɓarya ta sauka sau ɗaya, ƙashi ya yi ƙas kamar busasshen kara, Simon ya kira Yesu ya suma. Kubra ta ja ƙafar ta daidaita, Jibir yana nuna mata da haɓa. Zakaran kuwa Jibir ne ya karya masa ƙafa, da ƙyar, sai a karo na biyu.

Zakara ya taka, Simon ya koma tasha ya haɗa taragai har ya yi furfura. Jibir kuwa ya rasu da girbin wannan shekarar ya zagayo, tabarmar ta koma hannun Kubra, da tambayar damina, da ƙwaryar nono don masu kuka. Ranar jana'iza Simon ya tsaya a bakin maƙabarta kan ƙafafunsa biyu har aka watse. Kowace shekara yakan aiko wa Kubra da kwandon acca, amma in ta tambaye shi yadda gona ta yi, sai ya ja baya kaɗan tukuna ya amsa.