Hodar da Kaka Ta Hana a Wanke

Jiya a cikin gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, wata mata ta zauna kusa da ni da jariri a cinya, ƙamshin hodar jikinsa ya bugi hancina. Kafin mu kai tashar Roxy na koma 'yar shekara sha tara, ina tsaye a tsakar gidanmu na Williamsville, fari fat tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

In ba a Abidjan ka tashi ba, bari in gaya maka abin da hoda take nufi a wurinmu. Ranar da sakamakon bak ya fito, wato jarrabawar ƙarshe da ke buɗe ƙofar jami'a, duk wanda ya ci sai a bi shi da gwangwanin hoda a zazzage masa a ka. Haka zai ratsa unguwa kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, direbobi na danna masa hon. Wanda ya faɗi kuwa ba sai ya yi bayani ba. Da an ga fuskarsa tsaf, an san labari.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye famfo ɗaya. Akwai mu 'yan Nijar, akwai Julawa, akwai wata mata 'yar ƙabilar Baule da muke kira Tanti, mai sayar da aceke, wato dambun rogo, da kifi. A ɗakin ƙurya Kaka take, mahaifiyar Baba. Ba ta taɓa taka lakol ba, wato makarantar boko, Faransanci kuma kalma ɗaya tak ta iya a cikinsa. Amma ita ke tada ni da asuba, ta tsare ni da ido har sai na buɗe littafi. Saura mako guda sakamako ya fito ta aika aka sayo mata hoda, ta ɓoye a cikin kwanukanta, kowa ya san wurin, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Ranar ana yayyafi, irin na ƙarshen damina da ke mayar da unguwar Adjamé taɓo. Aka miƙa min takardata a bakin makaranta, na duba sau uku. Maki kaɗan ne suka rage, amma faɗuwa dai faɗuwa ce. Na ja mayafi na rufe fuska, na bi lungu da gudu, ina kuka. Na manta cewa wanda ya ci ma da gudu yake dawowa, kuma shi ma kuka yake yi.

Kaka na laɓe a bayan ƙofa tun hantsi. Ina shigowa ta juye min gwangwanin gaba ɗaya, ta rangaɗa guɗa. Kafin in tofar da abin da ya shiga bakina matan gida sun yi min zobe. Tanti ta ɗaure zane a ƙugu ta kama rawa. Inna ta riga ta ɗora tukunya, don tun safe Baba ya aiko da cinyar sa daga mahauta. Ni kuwa ina tsaye, hawaye na tsaga hodar yana sauka, kowa na cewa kukan murna ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Ban ci ba," na ce. Ba wanda ya ji. Na ɗaga murya na sake faɗa.

Guɗa da rawa suka tsaya cak. Tanti ta kwance zanenta ta ce, "Yako, 'yata," wato sannu a bakinsu, ta shige ɗaki.

Bayan azahar Baffa ya iso. Shi ne wan Baba, dillalin shanu, kuma a zuriyarmu in ya yi magana ba a ƙarawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce dama ya faɗa tun farko. An ba yarinyar nan dama, ta gwada, Allah bai yi ba. Makarantar ma ba za ta sake karɓarta ba tunda ta taɓa maimaita aji. Daga gobe ta bi Gwaggo rumfar albasa a kasuwar Gouro, a bar maganar boko haka nan. Baba ya sunkuyar da kai. Na san ba ya so, amma bai taɓa musa wa yayansa ba.

"Ku wanke ta," in ji Baffa, "kada mu zama abin dariya."

Inna ta ɗauko buta. Kaka ta sa sandarta ta tare ta.

"Ni na zuba. Wanda ya isa ya zo ya wanke in gani."

Baffa ya ce, "Haba Iya, yarinyar nan faɗuwa ta yi."

"Na ji. Ni da na ga idonta kullum asuba, ni za ka gaya wa abin da ta yi?"

Tanti ce ta leƙo ta ce akwai makarantar yamma a Treichville, inda waɗanda aka kora ke karatu su sake zana jarrabawar da sunan kansu. Inna ta fassara wa Kaka. Ba ta jira a gama ba ta ɗauki mayafinta ta kama hannuna. Na ce, "Kaka, bari ko fuska in goge." Ta ce, "Ƙawata, in kin goge na fasa zuwa."

Haka muka fita. Ta ƙi lungu, ta bi bakin titi. A Roxy masu kiran fasinja suka yi ta ihu suna taya ni murna, wata mai lemo ta tura min biyu a hannu. Ni ina neman ƙasa ta tsage in shige, Kaka kuwa kanta a sama, tana raba musu kalmarta guda: "Mersi, mersi." Muna haye gada a cikin gbaka, ruwan tafkin lagun na ƙasa launin toka, na lura na daina sunkuyar da kai. Haushi ne ya maye gurbin kunyar, kuma na fi jin daɗinsa.

Magatakardan makarantar ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce wadda ta ci me take nema a nan? Na ajiye masa takardar. Ya karanta, ya dubi tsohuwar da ke dogare da sanda, bai yi dariya ba. Ya ce ba a buɗe rajista ba tukuna, amma ya ɗauko farar takarda ya rubuta sunana a layin farko.

Ban tsere wa albasa ba, kada ka ɗauka labarin ya yi daɗi haka. Da safe ina rumfar Gwaggo ina ware ruɓaɓɓu daga masu kyau, da la'asar ina gbakar Treichville. Duk wankan da zan yi, ina shiga aji sai wani ya ce an iso da miya. Na zana jarrabawar karo na biyu, na sake faɗuwa. Baffa gyaran murya kawai ya yi, wanda ya fi zagi ciwo. Washegari na koma Treichville ni kaɗai na sake ba da sunana.

Kaka ta rasu da rani, saura wata huɗu in zana ta uku. Na ci. Matan gida suka taso da gwangwani, na ce a'a, ni an riga an zuba min. Daga nan na yi shekara biyu ina koyon aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma shi nake yi har yau. Ba jami'ar da na yi mafarki ba ce, amma ba wanda ya zaɓa min ita.

Yanzu sakamako a waya yake zuwa. Yaro ya kulle ɗaki ya duba shi kaɗai, ya yi kukansa shi kaɗai, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce akwai wata hanya. An rage kunya, gaskiya ne, amma an rage masu kama hannu.

Bana jikar Baffa ta faɗi bak. Kwana uku tana ɗaki ba ta cin abinci. Sai ga kiransa, muryar ta tsufa, ya yi ta gaisuwa yana kewaye-kewaye har na gaji na ce, "Baffa, lafiya?" Ya ce wannan makarantar ta yamma, tana nan kuwa? Na ce tana nan. Na jira ko zai ƙara da cewa ya yi kuskure a kaina, maganar da na shekara ashirin ina jira. Bai ƙara ba. Na ce ranar Asabar zan zo in kai ta.

"A'a," ya ce. "Kwatanta min wurin kawai. Ni zan kai ta."